Likkafanin Hajji Dursun

Tun da na dawo daga Turkiyya ban huta da tambaya ba. Da na zauna a bencin da muke shan shayi bayan la'asar, a bakin shagon Usman a unguwar Rusaifa nan Makka, kafin a zuba mini sai wani ya ce, "Ha, ya Sale, kaif Turkiya? Ka ga teku? Ka sha sanyi?" In ce lafiya lau, gari mai kyau, in nuna musu hoto biyu ko uku a waya, su yi ta mashallah. Abu Fahad har ya fara cewa rowar labari nake yi, wai don kada su ma su je. To ga labarin nan na rubuta shi gaba ɗaya, tun da bakina ya kasa faɗarsa. Wanda ya karanta ya taimake ni ya daina tambayata.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a unguwar Shisha, kuma kafin wannan tafiyar iyakata Madina da Ɗa'ifa. Aike aka yi mini.

Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, babana Malam Haruna, Allah ya jiƙansa, yana tuƙa motar alhazai lokacin aikin hajji. Da safiyar sallah, bayan jama'a sun watse daga Muzdalifa, ya tsinci wani Baturke zaune a bakin hanya, zazzaɓi na kaɗa shi, ya ɓace wa ayarinsa, ko takalmi babu a ƙafarsa. Baba ya ɗauke shi, ya taimaka masa ya ƙarasa aikinsa, sannan ya kawo shi gida. Kwana tara ya yi a ɗakin baƙinmu, uwata Ummi tana dama masa kunu, ni kuma ina da shekara goma sha uku ina leƙensa ta taga. Sunansa Dursun. Da ya warware sai ya yi abin da alhazan ƙasarsu da yawa ke yi: ya sayi farin yadi, ya jiƙa shi sharaf da ruwan Zamzam, don ya zama likkafaninsa. Muka shanya masa a saman bene. A ranar mutanensa suka gano inda yake, motarsu kuma tana shirin tashi zuwa Madina, suka zo suka fizge shi yadin yana ta ɗiga. A bakin ƙofa ya riƙe hannun Baba ya ce da guntun Larabcinsa, "Amana. Zan dawo."

Bai dawo ba. Bayan 'yan shekaru sai wani alhaji daga ƙauyensu ya lalubo gidanmu da gwangwanin zaitun da gaisuwa. Sau biyu Baba yana cewa a tafi masa da kayansa, sau biyu yana aikowa da cewa a'a, a bar shi a Makka, muddin yadin yana nan to shi ma zai dawo. Kowace shekara bayan hajji Ummi takan sauko da ƙunshin daga saman kabad, ta warware, ya sha iska, ta turara shi da turaren wuta, ta naɗe ta mayar. Mun tashi gida sau ɗaya, ruwa ya yi mana ɓarna sau ɗaya, babu abin da ya taɓa shi. Da Baba zai rasu bara waccan, cikin maganganunsa na ƙarshe akwai, "Kayan Baturke."

Watan jiya sai ga saƙo a wayata daga 'yarsa, Nurten, da irin Larabcin nan da waya ke fassarawa. Wai babanta yana gaida gidan Haruna, ƙafafu sun ƙi, ya cire rai da sake ganin Ka'aba. Ba a ambaci yadi ba ko da kalma ɗaya. Na karanta wa Ummi, sai ta ce, "Kayansa yake nema, kunya ce ta hana shi faɗa. Halas, magana ta ƙare, ka tashi ka kai masa. Kuma hannu da hannu, ya Sale. Ba ka ba wa kowa sai shi."

Tun daga filin jirgin Jidda tafiyar ta fara nuna mini halinta. Na ɗauko jarkar Zamzam don tsaraba, ma'aikacin da ke auna kaya ya ce wannan sai alhazai masu komawa gida. Na ce ya shaikh, a Makka aka haife ni, da ruwan nan aka yaye ni. Ya ce shi ya sa. Haka na miƙa wa surukina jarkar ya koma da ita Rusaifa, na shiga jirgi da dabino da carbi da asuwaki, da ƙunshin a jakar hannu a kan cinyata.

A Istanbul jami'in da ke buga hatimi ya dubi fasfona, ya dubi fuskata, ya sake duban fasfon. Na saba da wannan kallon, ko a gida muna shansa. Ya ce, "Saudi?" Na ce Saudi. Ya ce, "Afrika?" Na ce, "Makka." Sai ya ɗora hannu a ƙirji ya buga hatimin. Wajen binciken kaya kuma wata mata ta buɗe jakar, ta ga ƙunshi, ta fara kwancewa, tana tambayata ko na sayarwa ne. Na ce, "Kafan," wato likkafani da Larabci. Ashe su ma kusan haka suke kiransa. Ta janye hannunta, sannan ta sake ɗaure shi da kanta, tsaf, ta faɗi wata magana a hankali da ban gane ba. Ku riƙe wannan: ga baƙuwar da ban taɓa gani ba, na faɗi kalmar ba tare da harshena ya yi nauyi ba.

Daga nan wani jirgin ya sauke ni a Antalya, na kwana a wani ƙaramin masauki kusa da tasha. Da safe aka jera mini 'yan faranti: zaitun baƙi, zaitun kore, cuku, tumatir, kokwamba, zuma. Na zauna na naɗe hannu ina jiran a kawo abincin, ina tsammanin waken ful da gurasa mai zafi irin namu. Mai masaukin ya zo ya tsaya a kaina da murmushi, sai na gane abincin ke nan. Na ci, ba don ya shiga ba.

Babbar mota ta yi awa uku da mu a gefen teku. Ma'aikacin motar yana bi kujera kujera yana tsiyaya wa mutane wani turare mai ƙanshin lemo a tafin hannu, ni kuma na shafa nawa a riga kamar yadda muke yi da turarenmu, tsohon da ke kusa da ni ya yi ta dariya har da tari. A wani ƙaramin gari na sauka, aka ce motar ƙauyensu Hajji Dursun guda ɗaya ce, da safe take saukowa, da azahar take komawa. Na jira ta awa huɗu a kan dakali. Da ta tashi, mu goma sha ɗaya ne a ciki, da tukunyar gas biyu da buhun fulawa, kuma ni ne mafi ƙuruciya da shekara arba'in da huɗu. Direban ya tambaye ni daga ina, na ce Makka, sai motar ta kaure. Wata tsohuwa sa'ar Ummi ta cafke hannuna za ta sumbata ta ɗora a goshi, ina ja tana ja. A gidanmu ni ne zan durƙusa mata. Hanyar kuma hawa ce da lanƙwasa, har sai da direba ya tsaya na fita na amayar da zaitun ɗin safe, Bahar Rum ɗin da kuke ta tambayata tana can ƙasa shuɗiya shar, ban ko iya kallonta ba.

Ƙauyen a jikin dutse yake, gidajen duwatsu ne masu jan rufi, kuma fiye da rabinsu da kwaɗo a ƙofa. Limamin garin, Liman Yusuf, shi ya tare ni a bakin masallaci. Mutum ne mai furfura da ya yi karatun Larabci, yana magana kamar littafi, ni kuma ina ba shi amsa da Larabcin kasuwar Shisha, amma mun fahimci juna. Ya kai ni masauki. Tsohuwar makarantar firamare ce aka mayar ɗakunan baƙi, don babu sauran yaran da za su shiga aji, duk iyayensu sun koma birni. Gadona a ƙarƙashin allon bango yake. Na yi alwala, na saɓa jakar hannu, muka nufi gidan Hajji Dursun.

Na tarar da ɗaki cike. Maƙwabta sun taru ganin baƙon Makka, an shimfiɗa sabon kafet, ƙanshin girki ya cika gidan. Nurten, mace mai kimanin shekara hamsin, ta tare ni da hawaye da dariya a haɗe, ta ce ta bakin Liman, "Sati guda ke nan bai tashi zaune ba. Yau da ya ji kana hanya ya ce a yi masa aski, a sa masa rigar Juma'a."

Ga shi nan a kan gado an tokare shi da matasai. Mutumin da na sani ƙato mai jan gemu ya koma ɗan mitsitsi, fari fat. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya buɗe baki ya ce da Hausa, "Sannu. Lafiya lau. Kunu." Kalmomi ukun da ya koya a gidanmu, ya ajiye su shekara talatin da ɗaya. Ɗakin ya fashe da dariya, ni kuma na durƙusa na kama hannunsa. Ya shafa kaina ya ce, "Haruna." Na ce Allah ya yi masa rasuwa. Ya ce ya ji, ya yi masa addu'a.

Sai idonsa ya sauka a kan jakar da ke gefen ƙafata.

Na zuge ta. Na sa hannu, yatsuna suka taɓa ƙunshin, na ji laushin yadin. Na ɗaga kai na ga matarsa, Hajja Amina, tana goge ido da gefen ɗankwali tana murmushi, na ga Nurten, na ga tsofaffin da suka jeru suna jiran su ga tsarabar Makka. Mutum ya yi aski, ya sa rigar Juma'a, yau ne ya fara tashi zaune. Ni kuma in zaro likkafani in ɗora masa a cinya a gaban iyalinsa? A gidanmu ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Idan ka je duba marar lafiya, sauƙi kake yi masa fata, ba ka ambaton mutuwa ko da wasa. Kuma baƙo ba ya sauke maganar da ta kawo shi ranar da ya iso, sai ya ci ya sha ya kwana. Haka na ga Baba yana yi, haka na tashi ina yi. Hannuna ya zame daga kan ƙunshin ya kamo kwalin dabino.

Na ba shi dabino, na ba shi carbi, na ba shi asuwaki. Kowanne ya karɓa ya sumbata ya ɗora a goshi. Da na gama sai ya ci gaba da kallon jakar. Na zuge ta na rufe. Ya ɗaga ido ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Shukran." Na ce a raina gobe da safe, idan babu kowa, daga ni sai shi.

Aka kawo shayi a 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu. Ina shanyewa a cika. Mu a gida girgiza kofi kake yi a gane ka ƙoshi, na girgiza har hannuna ya gaji, Nurten tana ganin na girgiza sai ta ƙara. Sai a na bakwai Liman ya tausaya mini ya kwantar da cokali a bakin kofin, aka ƙyale ni. Aka yi ta dariya. Hajji Dursun bai yi ba, ya riga ya juya fuskarsa bango, aka ce gajiya ce.

Washegari da hantsi na dawo da jakata, na shirya kalmomina tun a hanya. Nurten ta tare ni a bakin ƙofa, ta nuna mini rubutu a wayarta: an kai Baba asibitin birni a duba shi, ba wani abu ba ne, gobe zai dawo, yau Liman zai zaga da kai ka ga gari. Na tambaya ko in bi shi can. Ta girgiza kai da ƙarfi, ta ce baƙo ba ya wahala, kuma motar gari ta riga ta sauka. Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Haka na yini ina ganin gari da likkafanin mutum a kafaɗata. Liman Yusuf yana son ƙauyensa, ya nuna mini komai. Ga maɓuɓɓugar ruwa a tsakiyar gari, an gina mata kwami na dutse, ruwan yana zuba dare da rana ba mai tarewa, ni da na tashi ina jiran motar ruwa a Rusaifa har zuciyata ta yi zafi. Ga tanderun gari, inda da mata ke layi da ƙullun gurasa, yanzu ranar Alhamis kawai ake hura shi, mata uku suka rage masu iya tsayuwa a gabansa. Ga wurin matsar man zaitun, dutsen niƙan yana nan, amma an rufe tun da mai shi ya rasu. Ga shago guda ɗaya, rabin kantocinsa wayam. Ga ɗakin shan magani, likita yana zuwa ranar Talata idan hanya ba ta lalace ba. A gidan shayi tsofaffi shida suna buga wani wasa da 'yan ƙananan fale-falen roba, suka miƙe gaba ɗaya da na shiga, suka ce in yi musu addu'a. Na ɗaga hannu na yi, ina jin nauyin jakar. Duk inda muka tsaya, maganar Liman ɗaya ce: da can, da can. Ban taɓa ganin wuri mai kyau haka da kowa ya gudu ya bari ba.

Daga ƙarshe ya kai ni maƙabarta. Mu a Makka kun san yadda take, ba suna, ba alama, ɗan dutse kawai, ko kabarin Baba yau ba zan iya nuna muku daidai ba. Su kuwa kowane kabari da farin dutse a tsaye, da suna, da shekara, da furanni, har da ɗan kasko na ruwa don tsuntsaye. Liman ya tsaya a gaban wani fili da aka kewaye, babu kowa a ciki, amma dutsen yana tsaye. Ya karanta mini: Hajji Dursun, ga shekarar haihuwa, ga kuma wuri an bari fili. Ya ce, "Shekara biyar ke nan da ya sa aka sassaƙa. Kafin ƙafafu su ƙi, duk Juma'a yakan zo ya cire ciyawa, ya zauna ya sha shayinsa a nan. Mutum ne da ya gama shirinsa."

Mutumin da ke shan shayi a bakin kabarinsa, shi nake jin kunyar nuna wa likkafani. Na ce wa Liman don Allah ya kira asibiti, ina son zuwa yanzu, ko da motar haya ce. Ya kira Nurten, suka yi magana mai tsawo, ya kashe ya ce, ba ya kallona, "Ta ce ya ji sauƙi, gobe yana gida. Kada ka wahalar da kanka." Daga baya na san cewa a lokacin an riga an shigar da shi ɗakin da ba a barin kowa ya shiga, kuma iyalin sun haɗa baki kada a ɓata wa baƙon Makka ziyara. Ni ina ɓoye musu likkafani don kunya, su suna ɓoye mini mutuwa don kara. Na so in gaya wa Liman abin da ke jakar, amma Ummi ta ce hannu da hannu, sai na sake yin shiru.

Rana ta uku, bayan fitowar rana, ina zaune a dakalin makaranta sai lasifikar masallaci ta buɗe. Ba lokacin salla ba ne. Liman Yusuf ne yake rera salati ga Annabi da wata murya mai ja, tana bin duwatsu tana dawowa. Daɗinta ya kama ni, na zaro waya na fara ɗauka, ina cewa wannan sai na kunna wa su Abu Fahad. Mu a gida sai an idar da farilla ake cewa a yi sallar gawa, ban san su da salati suke sanar da mutuwa ba. Da ya gama ya koma harshensu, ina ta ɗauka, sai na ji suna ɗaya da na sani a tsakiyar maganar. Hoton yana nan a wayata har yau, a ƙarshensa ana ganin ƙasa da takalmina.

Ban san yadda na isa masallaci ba. Na zube a gaban Liman na zuge jakar, na faɗa masa komai cikin minti ɗaya, maganar da ta gagare ni kwana biyu. Ya dafe kai ya ce, "Ya ɗan'uwa, me ya hana ka faɗa?" Ya kira asibiti. Aka ce an yi masa wanka a can, an suturta shi da yadin da hukuma ke bayarwa, motar gawa ma ta kamo hanya. Na ce a kwance a sake. Liman ya je ya sami Nurten, ya dawo ya ce ta ce a bar shi haka, jikin nan ya sha allura da bututu ya ishe shi, ba za ta iya ganin an sake buɗe shi ba. Ban ga laifinta ba, kuma ba ni da bakin da zan matsa.

Bayan azahar aka ɗora akwatin a kan wani dutse mai faɗi a harabar masallaci, aka sa ni a sahun gaba don ni ne ɗan Makka. Da aka idar, Liman ya juyo ya yi wa jama'a tambaya, suka amsa da murya ɗaya, sau uku. Ya juyo gare ni ya maimaita da Larabci: al'adarsu ce, ana tambayar masu rai ko sun yafe wa mamaci haƙƙinsu da ke kansa. Tsofaffi duk suka zuba mini ido. Na ce na yafe. Me zan yafe? Haƙƙin nasa ne, yana rataye a kafaɗata, kuma shi ba wanda zai tambaye shi.

Da yamma Hajja Amina ta aiko a kira ni. Gidan yana ƙanshin wata alewar gari da man shanu da suke tuƙawa ranar mutuwa, aka sa mini a faranti ban taɓa ba. Liman ya zauna tsakaninmu yana fassara. Na ɗora ƙunshin a gabanta na kwance. Ƙanshin turaren Ummi ya tashi. A jikin ƙyallen da aka naɗe shi akwai rubutun Baba da tawada, ya koɗe amma yana karantuwa: amanar Dursun Baturke.

Ta shafa yadin ta daɗe. Sannan ta ce, "Ranar da ka zo, bayan kun fita, ya ce mini, bai kawo ba. Na ce to mu tambaye shi mana. Ya ce a'a, ba a kunyata baƙo. Shekara talatin ba kwana talatin ba ne, wataƙila asu ya ci, wataƙila ya ɓata a tashin gida, yaron yana jin nauyin faɗa ne. Ya ce Haruna ya yi iyakar ƙoƙarinsa, na yafe masa."

Wannan ce maganar da ta karya ni. Asu bai ci ba. Babana bai yar da amana ba, uwata ba ta tsallake shekara ɗaya ba. Yadin yana ɗakin, taku biyu daga gadonsa, hannuna a kai. Ya mutu yana yafe wa Baba laifin da Baba bai yi ba, kuma babu wata hanya, har abada, da zan bi in gaya masa.

Na ce ta riƙe shi. Ta ƙirga falle uku da yatsa, ta girgiza kai. Ta ce na namiji ne, kuma babu sauran namiji a gidan, ɗansu guda ya riga su, jikoki suna ƙasashen da ba ta iya faɗin sunansu ba. Ta naɗe shi yadda ta gan shi, ta ɗaure, ta ɗora mini a hannu biyu. Ta ce shi dai Makka yake so, a mayar da yadin inda ya saba.

Komowa ba ta da labari. Motar safe, babbar mota, jirgi biyu. A wajen bincike ba wanda ya buɗe jakar. Surukina ya ɗauko ni daga Jidda yana ta tambayar teku, na ce masa shuɗiya ce.

Na sami Ummi a ɗakinta bayan la'asar tana jan carbi. Tun a mota nake shirya yadda zan ce na kai, don ai na kai ɗin. Ta ce, "Hamdillah alas salama. Ka ba shi hannu da hannu?" Sai bakina ya sake yin abin da ya saba. Na durƙusa kawai na ajiye jakar a gabanta. Ta zuge, ta gani. Na ba ta labarin kaina a ƙasa, ban rage komai ba, har dabinon, har kallon da ya yi wa jakar.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tashi da ƙyar ta hura gawayi, ta zuba turare, ta warware yadin falle falle ta turara, ta naɗe, kamar kowace shekara. Na miƙe zan mayar mata saman kabad, ta ce a'a.

"Ba nan ba. Kai shi ɗakinka."

Na ce, "Ummi, na Hajji Dursun ne."

Ta ce, "Hajji Dursun ya sami nasa. Wannan falle uku ne, ya Sale, ni biyar za a sa mini. Kai kaɗai ne namijin da ya rage a gidan nan." Ta miƙo mini da hannu biyu. "Karɓi. Hannu da hannu. Ka ga ba wuya."

Yana saman kabad ɗina yanzu, da sunan wani a jiki. Duk safiya shi nake fara gani kafin in fita Shisha.